Daga Fotokofi Zuwa Salula: Me Korona Ta Canza a Karatun Jami'a?

Tun da annobar korona ta lafa ake yayata wata magana a tarurrukan masana ilimi, wai cutar ta zo da alherinta, domin ta tilasta wa jami'o'i barin tsohon yayi, suka rungumi koyarwa ta intanet. Maganar tana da daɗin ji, kuma wataƙila ta zauna daidai a Faransa, ko a Senegal inda aka kafa jami'ar intanet tun 2013. Amma kafin mu ara mu yafa, ya kamata a auna ta da mudun Magaria da Dungass.

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Washegari aka rufe makarantu da jami'o'i, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni: makonni goma ke nan, da watan azumi a cikinsu. Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Damagaram, wadda a yau take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da yawansu suka tattara kayansu suka komo gida. Gida kuwa, ga mafi yawansu, ƙauye ne inda ake biyan kuɗi a shago kafin a caza salula, inda sai an fita bayan gari ake samun layin waya mai ƙarfi, wani lokaci ma na Nijeriya ne yake tsallako iyaka. Darasi ta Zoom yana bukatar layin da ba ya yankewa na awa guda ko biyu, da kuɗin da ɗan manomi ba ya da su a ƙarshen bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Abin da ya yiwu shi ne WhatsApp. Malami ya tura darasinsa ga wakilin aji, wakili ya watsa wa 'yan uwansa, kuma wannan al'ada ta zauna har bayan annobar. A nan nake da ja da masu yabo. Takardar da a da ake shifta a aji, ko a saye ta wurin mai fotokofi, ita ce dai ta koma cikin salula, babu wasalin da ya canza. Ɗalibi ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa, ya manta. An canza wa tuwo suna ne kawai. Har gara shiftar, domin mai shifta yana ɗaga kai ya ga fuskar da ta rikice, ya maimaita.

Sai dai akwai wani canji na haƙiƙa da ba a cika ambata ba, wataƙila don ba daga sama ya fito ba. Tsofaffin ɗalibaina, da suka rasa mai yi musu bayani, sai suka koma bayyana wa juna darasi ta saƙon murya. Wanda ya fahimta ya karanto jumlar Faransanci, ya warware ta da Hausa, ya kawo misali daga kasuwa ko gona, mai saurare ya maimaita sau goma in ya so. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami zai gane wannan hanya: matani da Larabci, fassara da sharhi da Hausa, kowa da inda ya tsaya. Ni da nake koyar da harsunan biyu, na san cewa yaron da ya iya juya ma'ana daga wannan zuwa wancan ya riƙe ta da hannu biyu.

Kuma hanyar ta fi Zoom jure wahala. A Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an ga iyakar duk wani tsari da ya dogara da lantarki dare da rana. Saƙon murya kuwa yana jira har salula ta samu caji.

Abin mamaki, a Damagaram ɗin nan aka fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare tun 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Duk da haka, wannan sharhi na ɗalibai yana nan a bayan fage, kamar abin kunya. Ba a tace shi, don haka kuskuren mutum ɗaya yakan zama na aji guda. Kalmomin da suke ƙirƙira wa ilimin ƙasa da tattalin arziki, wasu masu kyau ƙwarai, babu mai rubuta su. Salula ta cika, a goge saƙonnin bara don a samu wurin na bana.