Gwanin Wayarin Ba Ya Yarda da "An Ɗauke Wuta"

"Ai babu wuta, an ɗauke." Da wannan magana mutane da yawa ke taka kujera su kama wayar fanka, ko su kwance soket da wuƙa. Gwanin wayarin ba ya yarda da ita ko da unguwa duka tana cikin duhu. Ya san wuta ba ta sallama idan za ta dawo, kuma gida ɗaya a yau yana iya shan wuta ta hanya uku: ta NEPA, ta janareta, da ta inbatan sola. Kafin ya taɓa komai sai ya je akwatin rarraba wuta ya sauke bireka, in fis ne ya zare shi ya jefa aljihu, don kada wani ya zo ya mayar yana tsakiyar aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da yake yi bayan nan. Zai ɗauko mitar gwaji ya fara ɗora ta inda ya tabbata akwai wuta, ya ga ta motsa. Sai ya gwada wayar da zai yi aiki a kanta. Sai ya sake komawa wurin farko. Dalilinsa mai sauƙi ne: mitar da ta lalace ita ma babu wuta za ta nuna. Ƙaramar testar nan mai kama da sukundireba, wadda kowa ke da ita a durowa, ba ya ɗora ransa a kanta, domin ɗan haskenta yakan ɓace a rana, kuma sai ta bi ta jikin mai riƙe da ita take kamawa. Launin waya ma ba ya isarsa shaida. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce ta dawowa. A sabo, ruwan ƙasa da shuɗiya. A gidan da hannu uku ko huɗu suka yi wa wayarin, ana iya samun kowace a kowane wuri.

Wutar gidajen Najeriya bolt 230 ce, kuma abin da ke tsayar da zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Bireka mai amfiya 20 waya take karewa daga zafi, ba mutum ba. Wuta na iya jan mutum har ya mutu bireka ba ta faɗi ba. Mai kare rai wata na'ura ce daban, RCD, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga giɓin miliamfiya 30, ta san wuta ta sami wata hanya, wataƙila ta jikin yaro mai jiƙaƙƙen hannu, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Gwani yakan nace a saka ta, musamman a layin banɗaki, kicin da injin jan ruwa, ko da maigida na ƙorafin kuɗi.

Haka yake nacewa kan wayar ƙasa, mai kore da rawaya, wadda ake ɗaure wa ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Ɗan koyo mai gaggawa yakan tsallake ta, tun da ƙwai yana kamawa ba tare da ita ba. Amma ranar da waya ta goge ta taɓa jikin firji ko dutsen guga, ita ce ke kwashe wutar ta sa bireka ta faɗi. Shi ya sa ƙafar sama ta filogi mai ƙafa uku ta fi sauran tsawo: ita ke fara shiga, ita ke buɗe ƙofofin soket. Masu cusa tsinke a ramin sama don su tura filogi mai ƙafa biyu, kariya ce suke karyawa.

Yana kuma sanin waya da hannu. Mai kauri 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, kuka da hita kuwa sai 4 ko 6. A kasuwa zai kankare bakin waya da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Ba ya murɗa waya biyu ya naɗe da salatif ya tura silin, domin haɗin da bai ɗauru ba shi ke yin zafi a hankali har katako ya kama.

Janareta kuwa, ba ya haɗa shi sai da canji-oba. Wanda ya cusa wutar janareta ta soket, tana iya bin waya ta fita, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layi a mace yake.

Doka ma ta raba aikin tsakanin mai wayarin da maigida. A Ingila, inda muka gaji filoginmu, tun 2005 ƙa'idar gine-gine ta shigo da wayarin gida. Jan sabon layi ko sauya akwatin rarraba wuta sai ta hannun mai rajista, ko da sanin hukuma. A Najeriya, dokar 2015 ta kafa NEMSA, mai duba wayarin da ba masu sana'ar takardar shaida, kuma maigida na da damar cewa a nuna masa ita. Abin da ya rage a hannunsa ba shi da yawa: sauya ƙwai bayan ya kashe makunni, mayar da fis ɗin filogi da irinsa maimakon zaren waya, da danna maɓallin gwaji na RCD lokaci-lokaci ya ga ko tana faɗuwa. In ba ta faɗi ba, ko soket ya yi baƙi yana ƙauri, ya sauke bireka ya kira mai wayarin.