Tambaya da Zato ba Ɗaya ba ne

Ƴan uwa masu karatu, yanzu kusan kowane gari akwai salula. Wanda bai iya karatu ba ma yana sauraren saƙon murya, yana kuma turawa. Wannan ci gaba ne. Amma akwai wani irin saƙo da ke yawo a WhatsApp da Facebook, shi nake so mu auna.

Kun san shi. Mai magana yana farawa da sallama mai tsawo. Ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin garinsu. Sai ya ce wani babban likita a Turai ya tona asiri. Wane likita? Babu suna. Sai ya ce "su" suna so su ƙare mu, "su" suna ɓoye gaskiya. A ƙarshe ya haɗa ka da Allah ka tura wa mutum goma. Wanda ya tura kuwa, in ka yi masa magana a fada wurin shan shayi, sai ya ce shi idonsa a buɗe yake, ba ya haɗiye duk abin da aka ba shi. To, ashe ya haɗiye maganar wanda bai san ko sunansa ba.

Kada a ce ina hana tambaya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuma mu an sare mu.

A shekarar 1995 sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar. An kawo taimakon allurar riga-kafi daga Najeriya, an yi wa mutum wajen dubu 60. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, kuma akwai datti cikin wasu kwalabe. Ba su tsaya suna cewa an ce da an ce ba. Suka ɗauki kwalaben, suka aika wa kamfanin da sunansa ke jiki. Aka auna. Aka tarar jabu ne, babu magani ciki.

A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa cikin gwajin. Wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashi na farko, 6 daga na biyu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran, kuma bai amsa laifi ba. A ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta buga labarin. Aka shiga shari'a a Najeriya da Amurka. A 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano bisa dala miliyan 75. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Ku duba yadda waɗannan abubuwa biyu suka tonu. Akwai sunan gari, akwai shekara, akwai sunan magani, akwai yawan yara. Akwai kwalba da aka riƙe a hannu aka kai wurin awo. Wanda ake zargi ya samu damar kare kansa gaban alƙali. Wannan ita ce tambaya ta mai hankali. Tana da ƙafa, tana zuwa inda amsa take.

Yanzu mu zo shekarar 2003. Wasu manya a arewacin Najeriya, cikinsu har da likita Datti Ahmad, suka ce ɗigon shan inna yana ɗauke da abin da ke hana mata haihuwa. Jihar Kano da wasu jihohi suka tsayar da riga-kafi. Da farko ba zan ga laifin uban da ya ji tsoro ba, tun da abin Trovan bai daɗe ba. Cewa a auna ɗigon magana ce mai kyau. Aka auna. Gwamnatin Najeriya ta aika wakilai har Afirka ta Kudu, Indiya da Indonisiya, suka komo suka ce babu cuta a ciki. Kano ta ce sai dai a kawo mata na Indonisiya, ƙasar musulmi. Aka kawo. A watan Yuli na 2004 aka ci gaba da ɗigo a Kano.

Amma cuta ba ta jira kwamiti ba. Cikin wannan tsaiko ƙwayar shan inna ta samu hanya. Kuma ba ta san iyaka ba. Mai zuwa kasuwar Jibiya daga Maraɗi, ko mai zuwa Daura daga Magarya, ya san tsakaninmu da su babu bango. Ƙwayar ta shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta kai Sudan, ta kai Yaman. A 2005 ta isa Indonisiyar da aka sayo ɗigon, bayan sun yi shekara 10 ba su gan ta ba. Yaran da suka shanye a lokacin, yanzu magidanta ne da matan aure, wasunsu suna jan jiki.

Nan ne tambaya ta rabu da zato. Wanda ya ce a auna, aka auna ya yarda, mai tambaya ne. Amma akwai wanda har gobe bai sauka ba. In ka ce masa an auna, ya ce an sayi masu awo. In ka ce malamai da sarakuna sun ba ƴaƴansu, ya ce nasu daban ne. In ka ce babu wata shaida, ya ce ai rashin shaidar shi ne ya nuna sun iya ɓoyo. Kowace amsa ka ba shi, sai ta zame masa itacen hura wuta. Ni kan yi wa irin wannan mutum tambaya guda: me za ka gani da idonka ka ce ka yarda? In ya ce babu, to ba amsa yake nema ba, ya gama yanke hukunci tun kafin a zauna.

Alhali maganar haihuwa ba sai an je Turai ba. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar miliyan 7 ne da ƴan kai. A ta 2012 sun wuce miliyan 17. Bar ma ƙidaya. Ka duba garinku. Ƴan matan da aka ɗiga wa maganin shekara 25 da suka wuce, ina suke? Ga su nan da goyo, wasu na uku, wasu na biyar. Gani ya kori ji.

Wani zai ce magana ce kawai, iska ce. Ba haka ba ne. A watan Fabrairu na 2013 ƴan bindiga suka harbe masu aikin riga-kafi 9 a Kano, kusan dukansu mata. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, wani saƙo ya bi salula a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka tashi da tsakar dare suna dafa ruwa. Aƙalla mutum 2 suka mutu, da dama suka kwanta asibiti. Ba Ebola ta kashe su ba.

Su ma ma'aikata ina da magana da su. Sau da yawa talaka yana yin tambaya mai ma'ana, sai a ce masa jahili. Uba ya ce: me ya sa ɗigon shan inna kyauta ne, har gida ake biyo ni da shi, amma in ni na kwanta da masassara sai na sayar da akuya? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma tana da amsa. Tun 1988 ƙasashen duniya suka ɗauki niyyar kawar da shan inna gaba ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana. Muddin ƙwayar tana nan a ƙasa guda, yaran sauran ƙasashe ba su tsira ba. Saboda haka masu kuɗi suke zuba kuɗi a kanta. Har da amfanin kansu a ciki, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne. In aka ƙi ba uban nan amsa, mai saƙon murya zai ba shi tasa.

Akwai kuma abin da ba a cika bayyanawa ba. A watan Agusta na 2020 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce Afirka ta rabu da shan inna na asali. To me ya sa ake ta zagayawa da ɗigo? Dalili shi ne ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Tana fita cikin bayan gida. A garin da yara da yawa ba su samu riga-kafi ba, tana iya yin ta yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi, ta shanye wanda ba a yi wa ba. Haka ta faru a jihar Damagaram a 2018. Yaron da ya samu ɗigonsa cikakke ta bar shi lafiya. Likitoci ne da kansu suka gano wannan, suka rubuta, ba wani mai tona asiri ba. Ya kamata a gaya wa iyaye shi da Hausa, a fili.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, yanzu kuna da abin da mai saƙon murya bai so ku yi aiki da shi ba. In masu ɗigo suka zo, ka ce a nuna maka kwalbar. Akwai kwanan watan da maganin zai lalace, karanta shi. Akwai kuma ƴar alama a jiki: da'ira mai duhu, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarta. In zafi ya ɓata maganin, murabba'in yana yin duhu har ya yi daidai da da'irar ko ya fi ta. In ka ga haka, ka ce ba za a ɗiga wa ɗanka wannan ba, a kawo wata. Ka rubuta lambar kwalbar da ranar a takarda, ka kai wa majo a gidan likita, ko ka ba mai gari ya kai.