George Engel: Likitan da Sunansa Ya Fi Aikinsa Yawo

A 1953 aka kwantar da wata jaririya 'yar wata goma sha biyar a asibitin Jami'ar Rochester da ke jihar New York. An haife ta hanyar abincinta a toshe, sai likitoci suka huda mata ciki suna ɗura mata madara ta bututu. Wannan hudar ce ta ba George Engel da abokin aikinsa Franz Reichsman damar auna ruwan tsamin cikinta kai tsaye. Idan baƙo ya shigo, yarinyar, wadda aka sani da suna Monica, sai ta kau da kai, jikinta ya saki, barci ya kwashe ta, ruwan tsamin ya ragu. Idan wanda ta saba da shi ne, sai ta sake, ruwan ya ƙaru. Engel ya bi rayuwarta fiye da shekara arba'in, har ya ga yadda take shayar da 'ya'yanta: a kwance bisa cinya, ba a rungume ba, kamar yadda aka ciyar da ita.

A ganina nan ne ƙarfin Engel yake, amma ba da wannan aka san shi ba. Abin da ya yayata sunansa maƙalarsa ce ta 1977 a mujallar Science, inda ya ce likitancin zamani ya rage cuta zuwa abin da awo ke nunawa, alhali jiki da tunani da zamantakewa tare suke haifar da ita. Dubban masu bincike sun ambaci maƙalar, makarantun likitanci sun sa ta a manhaja. Sai dai babu sabon gwaji a cikinta, kira ne kawai, kuma kira ba shi da wuyar amsawa da baki. Likitan ƙwaƙwalwa Nassir Ghaemi ya rubuta littafi guda yana sukar tsarin da maƙalar ta kawo: ya faɗi komai, bai gaya wa likita abin da zai fara dubawa ba. Sukar tana da gaskiya.

Fagen da Engel ya gada, na danganta cutar jiki da halin zuci, ma yana da tabo. Likita Franz Alexander, a 1950, ya jera cututtuka bakwai da ya ɗora wa rikicin zuci, ciki har da gyambon ciki, asma da hawan jini. Da Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki a Ostareliya a farkon shekarun 1980, sai wannan bango ya zube. Maganin kashe ƙwayar cuta ya warkar da abin da aka daɗe ana neman sirrinsa a ƙuruciyar majiyyaci.

Engel bai bi hanyar Alexander ta haɗa kowace cuta da nata halin ba. Shi lokacin da ciwo ke kamawa ya dame shi. A 1971 ya tattara labarai 170 na mutuwar fuju'a, galibi daga jaridu, ya ga da yawa sun biyo bayan rasuwar makusanci, firgita, ko zubewar mutunci. Mu da muke cewa baƙin ciki ya kashe wane ba za mu yi mamaki ba. Amma yankan jarida ba hujja ba ne, domin edita mutuwar da ke da ban al'ajabi yake bugawa. Sai a 1990 likitocin Japan suka bayyana ciwon takotsubo, inda tsokar zuciya ke raunana nan take bayan mummunan tashin hankali, aka sami abin da na'ura ke iya nunawa.

Shi kansa abin bai bar shi ba. Ɗan'uwansa Frank, wanda aka haife su tagwaye, shi ma likita, ya rasu da bugun zuciya a 1963. Kafin shekara ta zagayo George ya kamu da irinsa, ya tsira, daga baya ya zauna ya rubuta labarin a mujallar masana kamar yadda ya rubuta na Monica.