Jinjina ga Mazan da Suka Ɗauki Muciya

A Nasarawar Burkullu, kamar sauran garuruwan ƙasar Bukkuyum, yaro namiji kan girma bai taɓa riƙe muciya ba. Gona ya sani, da kasuwa. Amma akwai ranar da uwargida ke kwance, babu kishiya, maƙwabciya kuma tana fama da nata gidan. Ran nan maigida kan naɗe hannun riga ya tsuguna gaban murhu. Shi nake yi wa jinjina.

Tuwon dawa ba ya rufa wa baƙonsa asiri. Sai an yi talge, a bar shi ya nuna, sannan a riƙa barbaɗa gari ana tuƙawa da ƙarfi. Wanda bai iya ba yakan juye garin gaba ɗaya, tuwo ya cika da gudaji, gindin tukunya ya kama. Kuka ma tana da sharaɗinta: in ba a kaɗa ta da maburgi ba, dunƙulewa take. Gishiri kuwa, Allah Ya kyauta.

A 2010, lokacin da gubar dalma ta addabi ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, iyaye mata sun yi makonni suna jinyar 'ya'yansu a Bukkuyum da Anka, ga wasu yaran a gida suna jiran abincin dare. A irin wannan hali ba a tambayar wa ya iya girki.

Abokai kan tsokani maigidan a majalisa, wai ya ƙwace wa mata sana'a. Sai ya yi dariya, gobe ya aiki yaro maƙwabta ya tambayo yawan daddawar da ake sakawa.