Ina Ya Kamata Nauyin Kibiya Ya Zauna?

A Amurka farauta da kwari da baka tana da lokacinta a dokokin jihohi tun 1934, shekarar da Wisconsin ta keɓe wa masu baka nasu lokacin harbin barewa. Bayan da Holless Wilbur Allen ya sami takardar mallakar ƙirar baka mai tayoyi a 1969, sai kasuwa ta koma tallar gudu. Kamfanoni sukan gwada baka mai ƙarfin fam 70 da kibiya mai nauyin giren 350, wato kusan giram 23, domin giren 15 da ɗoriya ne ke yin giram ɗaya. Irin wannan kibiya takan wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Amma da yawa daga maharba sun ga kibiya mai gudu ta bugi kafaɗar dabba ta tsaya cak. Daga nan aka shiga muhawarar da har yau ba ta ƙare ba, kan nauyin kibiya da inda ya kamata a tara shi.

Awon ba wuya. Mutum zai ɗora kibiya a kan yatsa har ta daidaita, ya sa alama, ya auna tazarar wurin daga tsakiyar kibiyar, ya raba da tsawonta. Kibiya mai inci 30 da ta daidaita a inci 19 daga tsagar gindi ta zarce tsakiya da inci 4, rinjayen gabanta ya zama kashi 13 cikin ɗari. Kamfanin Easton, wanda ya daɗe yana ƙera kibau, yana ba mafarauta shawarar su tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15.

Kibiya a sama tana juyawa ne a kan wurin da nauyinta ya daidaita. Iska kuwa gashin gindi take kamawa. Idan nauyi ya matsa gaba, tazarar da ke tsakaninsa da gashin ta ƙaru, sai gashin ya sami ƙarfin mayar da kibiya kan hanya da zarar ta karkace. Wannan ya fi muhimmanci ga mafarauci, don kan kibiyarsa faffaɗa ne mai kaifi, shi ma yana kama iska yana neman jan ragamar tafiya daga gaba. Maharban ƙasar Hausa sun san wannan a aikace. Kibiyarsu ta kyauro ba ta da gashi ko ɗaya, ƙarfen da maƙeri ya ƙera mata a kai shi ke jan ta ta tafi sak. Sai dai su dafin kwankwani ke yi musu kisa, ya ishe su kibiya ta huda fata kunnuwanta su riƙe. Maharbin Amurka ba da dafi yake farauta ba, dole kibiyarsa ta ratsa huhu ta zubar da jini, shi ya sa zurfin shiga ya zame masa komai.

A kan zurfin shiga babu wanda ake ambata kamar Dakta Ed Ashby. Ya fara bincikensa a gandun daji na Mkuzi da ke lardin da a lokacin ake kira Natal a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1980, daga baya ya ci gaba a kan ɓaunar ruwa a Ostireliya. Yakan harbi dabbar da aka riga aka kashe yanzu-yanzu, ya feɗe, ya rubuta abin da kowace kibiya ta yi. Ya ce kibiya tana bukatar akalla giren 650, kusan giram 42, kafin a dogara da ita wajen fasa ƙashi mai kauri, kuma shiga yana ƙaruwa sosai idan rinjayen gaba ya kai kashi 19 ko ya wuce. Bayaninsa shi ne, idan kai ya bugi ƙashi, nauyin da ke baya yana ci gaba da turowa yana lanƙwasa jikin kibiya, ƙarfi ya tafi a banza. Idan baya ba nauyi, lanƙwasar ta ragu.

Gyara ɗaya kuwa yakan jawo wani. Maharbi ya cire kai mai giren 100 ya sa mai 200, ya cusa tagulla a bakin kibiya, sai ya tarar ta fara kaɗa wutsiya. Lokacin da tsirkiya ta tura gindi, kai mai nauyi ba ya saurin motsawa, jikin kibiya ya tanƙwaru fiye da da. Taurin kibiya yana da lamba: ana ɗora ta a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lotsa. Mai lamba 300 ta fi mai 400 tauri. Wanda ya ƙara nauyin kai tilas ya koma ga mai tauri, ita kuma sau da yawa ta fi nauyi, sai ta cinye wani ɓangare na rinjayen da aka nema. Ga kuma faɗuwa: kibiya mai nauyi tana saurin sunkuyawa, kuskuren yadi biyar wajen ƙiyasta nisa yana iya sa ta bi ta ƙarƙashin ciki. Masu son gudu suna ƙara da cewa ƙarar baka, mai tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, tana riga kibiya isa, barewa ta durƙusa kafin a same ta. Masu nauyi su amsa cewa kibiyarsu ce ke shanye ƙarfin baka ta rage ƙarar.

Inda na ga an kauce shi ne mayar da lamba ɗaya ma'aunin komai. Ashby kansa, a jerin abubuwa goma sha biyu da ya ce su ke kawo zurfin shiga, ingancin kibiya ya sa a farko, kada ta karye ko kai ya lanƙwashe, sannan tafiya sak, rinjayen gaba ya zo na uku. Kibiyar da ta isa a karkace ta zubar da ƙarfinta a bakin rauni komai nauyin kanta. Kuma ɓauna, da haƙarƙarinta masu faɗi da kauri, ba ɗaya take da barewa mai farar wutsiya da ake harbi daga kan bishiya a yadi ashirin ba. Ga barewa, kibiya mai giren 450 zuwa 500 da rinjayen da Easton ya faɗa tana ratsawa ta fita idan an sami wurin da ya dace. Gwajin da ya fi lissafi gaskiya shi ne maharbi ya harba kibiya marar gashi tare da mai gashi daga yadi ashirin. Idan sun sauka wuri ɗaya kuma a miƙe, taurin ya dace da nauyin kan. Idan sun rabu saboda taurin kibiya ya gaza, ƙarin tagulla ba zai gyara ba, sai an sauya kibiya ko an sake saita baka.