Fointa, Karen Da Ya Gaji Tsayuwa

A dazukan Tchamba, idan rani ya yi aka ƙone ciyawa, da gudu ake gane karen farauta. Ya ji warin zomo ya zabura, masu gora na biye da shi da ihu. Haka ake yi a Sokode da Dapaong, haka ake yi a ƙasar Hausa. To akwai wani kare na Ingila da ake kira fointa, wanda gwanintarsa ita ce ƙin zabura. Yana tsaka da sheƙa gudu, kai a sama yana shaƙar iska, da warin makwarwa ya daki hancinsa sai ya ƙame kamar an dasa shi: ƙafar gaba ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, hanci na nuna inda tsuntsuwar ta lafe. Maharbi ya iso ya tashe ta, ya harba, karen bai motsa ba.

Kowane kare yakan ɗan dakata kafin ya daka wa nama tsalle. Wannan 'yar dakatawar masu kiwo suka kama, suka yi ta haɗa barbara tsakanin waɗanda suka fi daɗewa a tsaye, har ta shiga jini. Shi ya sa za ka ga ɗan kwikwiyon da bai taɓa shiga daji ba ya ƙame a gaban gashin tsuntsu. Ni a nan nake jinjina musu, domin aiki ne da mutum ke farawa ya san jikokinsa ne za su ga ƙarshensa.

Masana tarihin irin suna cewa hafsoshin Ingila ne suka zo da kakanninsa daga Sifaniya bayan yarjejeniyar Utrecht ta 1713. Karnuka ne masu hanci, amma masu nauyin jiki. Da bindiga ta ƙara sauri sai aka nemi kare mai ƙafa, har Kanar Thornton ya gauraya su da karen farautar yanyawa. Gudu ya samu, sai dai an saya da tsada, don shi wancan kai a ƙasa yake bin sawu kuma kora ce ɗabi'arsa. William Arkwright, a littafinsa na 1902, ya yi tir da wannan gauraye ƙwarai.

Gasar fili ce ta raba gardamar wane kare ya fi. An fara ta a Southill ta Ingila a 1865, Amurka ta bi a 1874 kusa da Memphis. Babbar gasar ƙasar, wadda ake yi a gandun Ames na jihar Tennessee tun 1915, awa uku cur kare ke yi yana neman salwa, alƙalai na biye a kan dawakai. Da farko karnukan seta masu dogon gashi ne ke lashewa, sai a 1909 wani fointa mai suna Manitoba Rap ya karya lagonsu.  Wani fointa kuma, Comanche Frank, ɗan Fishel's Frank, ya ci a 1914; 'yarsa Mary Montrose ta ci a 1917 da 1919 da 1920.

Robert Wehle, da ya kafa gidan kiwon fointa na Elhew a 1936, dangi na kusa ya riƙa haɗawa, hanyar da ke fito da aibi kamar yadda take fito da nagarta. Duk kwikwiyon da bai cika sharaɗi ba, ko da ubansa zakara ne, ba ya barin a ci gaba da iri da shi.