Canjin Wurin Aiki Ba Horo Ba Ne

A ma'aikatun gwamnati na Birnin Kebbi, ranar da takardar sauye-sauyen wuraren aiki ta fito, tambayar da ke yawo a bakin mutane ita ce, "Me ya yi aka cilla shi?" Wanda aka ɗauke daga hedikwata aka kai Augie ko Kangiwa a kan matakin albashinsa, jaje ake zuwa yi masa. Wanda aka kai ofis mai maiko kuwa, barka. Abin da mutum zai koyo a sabon wurin ba ya shiga lissafi, domin mun saba auna ci gaban ma'aikaci da lambar matakinsa kaɗai.

Ni ina ganin wannan awo ya cuce mu. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi ke kwaikwaya, mai mataki na 7 zuwa na 14 yana jiran shekara 3 kafin ya cancanci ƙarin girma, kuma bayan shekara 35 yana aiki, ko ya cika 60 da haihuwa, sai ritaya. Mutum zai iya hawa wannan tsani tun daga ƙasa har ƙoli yana zaune a tebur ɗaya, yana buɗe fayil iri ɗaya. Ranar da ya zama darakta, sai a miƙa masa sassa huɗu ko biyar ya jagoranta, alhali ɗaya kawai ya taɓa shiga. Daga nan ne ake samun shugaban da ke sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ƙaramin ma'aikaci yana juya shi yadda ya so.

Shi ya sa nake farin ciki da wani abu da na fara gani a wurin matasan ma'aikata, musamman na harkar noma: suna neman a matsar da su gefe da kansu, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Shinkafa ce ta buɗe wannan ƙofa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, sai aikin ya zama doguwar sarƙa tun daga fadama har buhu.

A ɗauki malamin gona. Ya san iri, ya san lokacin dashe da zuba taki, ya san yadda ake ban ruwa da inji a noman rani. Amma in ya yi shekara biyu a wurin awo da sayen shanshera, zai gano abin da babu a littafinsa. Zai ga yadda ake rage wa manomi kuɗi saboda laimar da ke jikin shinkafarsa, ko saboda ya gauraya Faro 44 da wani iri, ko don an bar ta ta bushe fiye da kima har tana kakkaryewa a inji. Zai ga hawayen wanda ya yi wata huɗu yana wahala aka ce kayansa ba su kai ba. In wannan malami ya koma gona, nasiharsa ta canza. Ba yawan buhu kaɗai zai riƙa faɗa wa manomi ba, zai koya masa yadda zai shanya, yadda zai ware iri, da lokacin da zai kai kasuwa. Matakinsa na albashi yana nan inda yake, amma manoman Suru da Bunza shi za su riƙa nema.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi. Masuncin Argungu da ke shiga Matan Fada da homa da gora, sau da yawa shi ne manomin fadama, kuma sanin halin ruwa da ya samu a su shi ke gaya masa inda ambaliya za ta ci gona. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Haka kuma lokacin da aka cire Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991, ma'aikatan da suka dawo gida sun tarar da ma'aikatu sababbi fil da ƙarancin hannu, dole mutum ya riƙe aikin da ba shi ya karanta ba. Da irin waɗannan aka kafa jihar. Likitoci ma ba a ba su cikakken lasisi sai sun yi shekara guda suna zagaya sassan asibiti, daga tiyata zuwa ɗakin yara zuwa na haihuwa.

Ban ce abin ba shi da ciwo ba. Mai iyali da aka ɗauke daga Birnin Kebbi zuwa Yauri ko Zuru zai raba tukunya biyu a kan albashi ɗaya, ga makarantar yara. Wanda ya sauya layin aiki gaba ɗaya wani lokaci yakan rasa fifikon shekarun da ya tara, ya wayi gari ƙanensa a aiki ya zama ogansa. Akwai kuma masu yawon neman romo, yau suna nan gobe suna can ta hannun ubangida, ba su zauna ko'ina sun ƙware ba. Wannan ba shi nake yabo ba. Wanda bai iya aikin farko ba, babu abin da zai kai wa na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne shugabannin da ke amfani da canjin wuri don huce haushi. Duk ranar da aka tura ma'aikaci ƙauye saboda ya faɗi gaskiya, an koya wa ɗari cewa motsi azaba ne, su liƙe a kujerunsu. Ofishin shugaban ma'aikata zai iya gyara wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A tsara zagayen a rubuce, kowa ya san bayan shekara 3 ko 4 zai matsa wani sashe. A biya kuɗin ƙaura a kan lokaci. Sannan ranar jarrabawar ƙarin girma, wanda ya yi aiki a ƙaramar hukuma, ya yi a hedikwata, ya taɓa sashen kuɗi da na fili, a ba shi maki a kan haka, a gaban wanda bai taɓa barin Birnin Kebbi ba.